Tukwanen Toma

Toma ya tumɓuke barkononsa da yakuwarsa ya cusa su a baƙar ledar shara. Ranar Asabar ce a farkon Oktoba, barkonon na ɗauke da 'ya'ya jajur. Ta tagar kicin na hango shi a tsakar gidan baya, ya durƙusa a kan guntun kwali, yana ja yana haki.

Na sauka.

"Toma, hauka ka fara?"

"Barka da fitowa, Alhaji. Riƙe min bakin ledar nan."

Ban riƙe ba. Mun daɗe a gida ɗaya a University Heights, nan Bronx, shi a ƙasa ni a samansa. Mutumin Filato ne, Birom, Kirista. Ya yi aiki a ofishin bas-bas na gari har ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu tuntuni. Ni Abdul-Karim, daga Zangon Kumasi na zo, tasi na tuƙa har gwiwoyina suka ƙi. Duk lokacin zafi Toma yana cika tsakar gidan nan da tukwanen barkono da yakuwa da ɗaɗɗoya. Matata Abiba ba ta sayen barkono sai sanyi ya shigo.

Na ce, "Sanyi bai zo ba. Me suka yi maka?"

"Wurin nake so." Ya zauna a kan dugadugansa ya share goshi. "Na koma wurin likita. Abin nan na hanta ya bazu. Ya ce in ina da abin yi, in yi shi kafin zafi ya dawo."

Na ce rai a hannun Allah yake. Ya ce shi ma ya sani, amma likitan ya nuna masa hoto.

"Gadona zan jawo bakin taga. Ka san tsakar gidan nan da sanyi. Siminti, durom ɗin shara, bangon wancan gida. Ba zan mutu ina kallon durom ɗin shara ba. Ka kai ni wurin masu sayar da shuke-shuke."

"Babu abin da ke rayuwa a waje cikin sanyin garin nan."

"Akwai. Kana wucewa ta gabansu a ƙofar manyan otal na Manhattan, ba ka taɓa kallo ba."

"Na roba ne."

"Ku 'yan Ghana, abin da duk ba ku sani ba sai ku ce na roba ne."

Na kai shi ran Litinin a tsohuwar motata. Wurin yana can arewa, gab da ƙarshen gari, fili ne mai shingen waya da rumfunan leda. Wata mata mai safar hannu ta tarbe mu. Toma ya yi mata bayani da Turanci, ni ina tsaye. Ta tambaye shi tagar tana samun rana ko ba ta samu. Ya ce kaɗan, da hantsi. Ta tambayi irin tukwanensa, ya ce na yumɓu ne. Ta girgiza kai. Wai na yumɓu suna shan ruwa, ruwan ya daskare, su tsage. Sai dai na roba masu kauri, masu huda a gindi, kuma a ɗora su a kan bulo don kada su zauna cikin ruwa.

Ta fara nuna masa wasu sanduna jajaye a tukunya, ko ganye ɗaya babu a jikinsu.

Na ce, "Tsumagiya za ka saya?"

"Ta ce in dusar ƙanƙara ta sauka, jan yana fitowa kamar wuta."

"In tsumagiya kake so, sai in karyo maka a bakin hanya."

Ya ɗauka. Ya ɗauki wani ɗan itace mai tsini, irin wanda suke wa ado da Kirsimeti, wai ganyensa ba ya zuba. Ya ɗauki wata ciyawa gajera mai ƙananan furanni ruwan hoda. Ya tsaya kan wani mai 'ya'ya jajaye kamar ƙananan duwatsun tsakiya, ya daɗe yana juya tukunyar, sannan ya ajiye. Matar ta ce tsuntsaye suna cinye 'ya'yan tun kafin sanyi ya yi nisa. Ya ce shi ba ya son abin da zai riga shi ƙarewa.

Sai kabeji. Kabeji ne sosai, amma tsakiyarsa shuɗi-shuɗi da ja, ganyen a murɗe.

"Wannan dai ana ci," na ce.

"Ba a ci. Na kallo ne."

"Kabejin da ba a ci."

"Alhaji, ni ma yanzu ba na ci. Mun dace."

Daga ƙarshe ta kai mu wata kusurwa mai inuwa. Wata shuka ce ƙasa-ƙasa, ganyenta kauri, kore mai duhu, ba ta da wani kyau. Matar ta durƙusa ta buɗa ganyen da yatsa ta nuna masa gindin. Ta ce daga nan furen ke fitowa, fari, a tsakiyar sanyi, ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Furen Kirsimeti suke ce masa, amma yakan kai Janairu bai buɗe ba. Toma ya sa ta maimaita. Sannan ta ɗaga yatsa ta faɗi wata magana a hankali, tana kallonsa tana kallona.

"Me ta ce?"

"Ta ce duka waɗannan a waje za su zauna. Komai tsananin sanyi kada a shigar da su ɗaki. Zafin ɗaki ne ke kashe su."

"Ƙarya take yi. So take su mutu ka dawo ka sayi wasu."

"Mu a Jos mun san sanyi. Dankali ma sai da sanyi yake kyau."

"Sanyin Jos wasan yara ne."

A hanyar dawowa ya rungume tukunyar furen a cinyarsa, bai yarda a sa ta a but ɗin mota ba. Ni na jera bulo a tsakar gida, na ɗora katako, na ɗora tukwanen daidai tsayin tagarsa. Shi yana ciki a kan gado yana nuni da hannu. Sandunan a baya, ɗan itacen a gefe, kabeji da ciyawar a gaba, furen a tsakiya inda idonsa zai fara sauka. Ya sa na matsar da su dama da hagu har na ce masa ni ba yaronsa ba ne. Da muka gama, durom ɗin shara ya ɓuya.

'Yarsa Kaneng ta zo ran Lahadi bayan coci. Nas ce a New Jersey, da mijinta da 'ya'yanta. Tana ƙarama aka zo da ita, a gabana ta girma. Ta gaishe ni da ladabi, ta juya wurin ubanta.

"Baba, na samo maka wuri kusa da ni. Gidan jinyar tsofaffi ne, mai tsabta, akwai nas dare da rana. Daga aiki sai in biyo kullum."

"Ina da ɗaki."

"Kai kaɗai ne a cikinsa. In ka faɗi fa?"

Na ce, "Muna sama, ni da Abiba. In ya buga silin da sanda muna ji."

Ta yi murmushi. "Baba Alhaji, ku ma ai kun kusa neman mai duba ku."

Wanda ya goya yaro ba ya musu da shi.

Toma ya nuna taga. "Kin ga waccan ta tsakiya? Fure za ta yi cikin sanyi. Ki bar ni a ɗakina har ya buɗe in gani. Daga nan ki kai ni inda kika ga dama."

"Baba, wane fure cikin winta?"

"Kin yarda ko ba ki yarda ba?"

Ta dubi tukwanen ta dubi ƙafafunsa da suka fara kumburi. "Na yarda."

"Alhaji, ka ji."

"Na ji."

Sanyi ya shigo a Nuwamba. Wata safiya na sauka na tarar ƙasar tukwanen ta yi tauri, farin abu ya kwanta a kan ganyen kabejin. Na ce shi ke nan. Da hantsi ya ɗaga sai ganyen suka miƙe, launin ma ya ƙara fitowa. Toma ya ƙwanƙwasa gilashi daga ciki.

"Na roba ne?"

Na yi kamar ban ji ba.

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abiba tana saukar masa da kunu da romo, ya kurɓa kaɗan ya ture. Ita kuwa idonta na kan kabejin.

"Baba Toma, wannan kabeji haka za a bar shi ya tsufa a banza? Ko ganye biyu in sa a miya."

"Hajiya, in kika taɓa shi, ni da ke sai kotu."

Da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, sandunan nan suka yi ja a kan farin bango. Matar ba ta yi ƙarya ba. Toma ya wuni yana kallo, ko rediyo bai kunna ba. Ya ce a garinsu shingen ƙyarana ake yi wa gida, kana daga kwance kana ganin kore ta ƙofa, rani da damina.

Aikina kullum da safe shi ne in fita in buɗa ganyen furen da yatsa, kamar yadda matar ta yi, in ɗan karkato tukunyar ta fuskanci taga. A farkon Disamba na ga wasu ƙananan toho a gindin, farare, kawunansu a sunkuye kamar masu jin kunya. Na karkato masa. Ya manna goshinsa da gilashi har numfashinsa ya rufe wurin, ya goge da hannun riga, ya sake mannawa.

Bayan 'yan kwanaki ya faɗi a banɗaki. Da safe ne, na ji bugun sanda na sauka da makullin da ya ba ni ajiya tun matarsa na da rai. Na kira ambulan. Ƙashin ƙugu bai karye ba, amma suka riƙe shi a asibiti saboda jininsa ya yi ƙasa.

A makon nan rediyo ya yi ta shelar wani sanyi mai tsanani da ke tafe. Ran Juma'a na dawo daga masallaci na leƙa tsakar gida. Katako da bulo kawai. Ƙofar Toma a buɗe, muryoyin mata a ciki. Kaneng ce da wasu mata biyu na cocinsu, da Abiba. Sun jera tukwanen a ɗakinsa, jikin ƙarfen hita, sun shimfiɗa tawul a ƙasa. Hitar gidanmu ta tururi ce, ba a rage ta, ba a kashe ta. In ta kama, da singileti muke zama.

Na ce, "A mayar da su waje."

Kaneng ta ce, "Baba Alhaji, ba ka ji labarai ba? Sanyin da ke zuwa ko mutum ya kwana a waje sai gawarsa."

"Ba mutane ba ne. Matar da ta sayar ta ce kada a shigo da su."

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya. "Mai sayarwa ai so take a dawo." Maganata ce, a bakin wata ta fito.

Abiba ta ce, "Alhaji, ko kaza ba a barinta a waje a irin wannan rana. Bawan Allah yana kwance a asibiti, a bar masa kayansa su daskare?"

"Ke ki yi shiru."

Na sunkuya zan ɗauki tukunyar furen. Kaneng ta dafa hannuna.

"Don Allah ka bari. Kwana kaɗan ne, in sanyin ya wuce ni da kaina zan fitar. In suka mutu a waje me zan ce masa?" Ta miƙo min hannu. "Af, Baba Alhaji, makullin da ke wurinka, ba ni. Wanda nake da shi ya fara ƙin buɗewa."

A gaban baƙin mata ta faɗa. Ba a tambayata abin wani sau biyu. Na ciro na ba ta, na hau sama.

Sanyin ya zo ya yi abin da zai yi. Kullum ina fita tsakar gida in leƙa ta tagar Toma. Ciyawar ce ta fara bushewa, furanninta suka zube a kan tawul. Kabejin ya miƙe ya yi tsawo, ganyen ƙasa suka koma rawaya. Na je wurin sufa, mai kula da gidan, na ce ya buɗe min. Ya ce sai da izinin dangi. Na kira Kaneng. Ta ce tana aiki, daga aiki asibiti, a kujera take kwana wurin ubanta, za ta zo ƙarshen mako. Gaskiya ta faɗa, na gan ta a kujerar. Ba ta zo ba.

Kwanakin farko Toma ba ya gane mutane sosai saboda magani. Ranar da idonsa ya washe, ya gan ni ya ce, "Ya buɗe?"

"Bai buɗe ba. Suna cikin ɗakinka, jikin hita."

Ya juya kai wurin 'yarsa. "Kaneng."

"Baba, don kada su mutu ne."

"Ki fitar da su yau."

"To, Baba."

Ta je da yamma, na ji motsinta a ƙasa. Na sauka na same ta tana zuba musu ruwan ɗumi daga buta.

"Ba haka ya ce ba."

"Dube su yadda suka yi laushi. In na fitar da su yanzu cikin wannan iska ai na ƙarasa su. Bari su ɗan farfaɗo." Idonta ya yi ja don rashin barci. Ta kulle ƙofa ta tafi.

Sai bayan Kirsimeti aka sallamo shi. Ni na tura keken marasa lafiya daga bakin titi zuwa ƙofarsa. Da Kaneng ta buɗe, warin ruɓaɓɓen kabeji ya tarbe mu. Ɗan itacen ya koma ruwan ƙasa, in ka taɓa sai ya zube. Sandunan sun yi toho fari-fari marar ƙarfi, sun ɗauka zafi ya dawo. Toma ya ce in matsar da shi kusa. Ya sa yatsa ya buɗa ganyen furen da suka kwanta a bakin tukunya. Tohon na nan, sun bushe, sun yi baƙi. Ya murza ɗaya ya zama gari.

Kaneng ta ce, "Baba, yi haƙuri. Wallahi taimako na yi niyya."

"Na sani."

"Zan sayo wasu."

"Alhaji, fitar da su. Suna wari."

Na fitar na jera a kan katako yadda suke a da. Kafin gari ya waye sanyi ya ƙone sabon tohon sandunan. Sauran kuwa dama babu abin ƙonewa. Ta tsakanin busassun rassan ana hango durom ɗin shara.

Kaneng ta dawo ran Lahadi da tukunya naɗe da takarda mai ƙyalli. Irin furen ne, daga kantin furanni, ya riga ya buɗe, fari tas. Ta ɗora a kan tebur kusa da gadonsa.

"Ga shi, Baba. Ka ga yadda yake."

Ya kalla. "Wannan a hannun wasu ya buɗe."

"Iri ɗaya ne. Na tambaya." Ta zauna a bakin gado ta kama hannunsa. "Ka ce har ka ga furen. Ka gani. Ba zan iya ba kuma, Baba. Ina Jersey, kana nan, duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Sun riƙe maka ɗakin, in ba mu je a makon nan ba za su ba wani."

"Ba haka muka yi ba."

"Wancan ya mutu. Sai mu jira har yaushe?"

"Har baɗi," in ji shi, ya yi 'yar dariya da ta koma tari.

Na ce, "Kaneng, alkawari a gabana aka yi shi. Nasa furen ya ce."

"Baba Alhaji, da girmanka, wannan maganar gida ce."

Na tashi na fita.

Mota mai ɗaukar marasa lafiya ta zo ran Laraba da hantsi. Maza biyu suka ɗora shi a keke. Da suka zo fita, ya miƙa hannu ya riƙe katakon ƙofa. Ba shi da ƙarfi, amma ya riƙe. Suka tsaya suna kallon Kaneng.

"Ba na so in tafi," ya ce. Da Hausa ya faɗa, ba da ƙarfi ba. "Alhaji, kana gani."

"Ina gani."

Kaneng tana kuka ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da hannun cinyarsa, ta ja bargo ta rufe. Abiba ta juya ta hau sama.

Na je duba shi a can sau ɗaya, bas na shiga don ba na tuƙa babbar hanya yanzu. Wurin da tsabta, kamar yadda ta ce. Ɗakin da ɗumi. Tagarsa tana kallon filin ajiye motoci. Furen kanti yana kan tebur, ya sunkuya. Toma ya juya fuskarsa bango. Na yi sallama, ya amsa bai juyo ba. Na ba shi labarin gida: sufa ya gyara famfon bene, Abiba na gaishe shi. Ya ce a gaishe ta. Na zauna har lokacin azahar ya kusa fita, na ce zan tafi. Ya ce, "Ka gaida Bronx." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ya rasu a ƙarshen Janairu. Kaneng ce ta kira Abiba, ba ni ba.

Aka yi addu'a a cocinsu, na je na zauna a baya. Suna ta kiransa Da Toma, yadda Birom ke girmama dattijo, suna cewa ya huta. Bayan mako guda Kaneng ta zo kwashe ɗakin. Na ji ana jan gado, ana ɗaure kwalaye. Da la'asar ta ƙwanƙwasa ƙofarmu, waya a hannunta. Abiba ta ba ta kujera a kicin, ta ƙi zama.

"Baba Alhaji, alfarma na zo nema. Yayar Baba, Ngo Hosanna, tana Bukuru, can Filato. Ita ce babba a gidan yanzu. Ta ce ba za a sa ranar taron addu'arsa a gida ba sai ta ji daga bakin dattijon da ke kusa da shi. Ta ce maganar yaro ba shaida ba ce a kan mutuwar babba."

"Me take so ta ji?"

"Wani ya kai mata gulma wai na jefar da shi a gidan tsofaffi. Ka san yadda suke ɗaukar abin a can. In maganar ta zauna, ni da 'ya'yana ba mu da fuskar shiga gidan nan har abada." Ta share ido da bayan hannu. "Ka ce mata shi ya yarda da kansa. Ka ce ya tafi da farin ciki, ba ya riƙe da kowa. Kalma biyu ce. Kai Alhaji ne, za ta yarda da kai."

Abiba ta ce a hankali, "Alhaji, yarinyar nan ta wahala. Kai ma ka gani."

Na gani. Na ga kujerar asibiti, na ga idonta. Na kuma ga hannunsa a jikin ƙofa.

"In ta tambaye ni ko kin yi jinyarsa, zan ce kin yi."

"Ba shi za ta tambaya ba."

Na matsa bakin taga. Sufa ya riga ya kwashe katako da bulo. Ya juye ƙasar, ya cusa tukwanen cikin juna, ya jingina su da durom ɗin shara. Dusar ƙanƙara tana sauka a hankali tana cika ta saman. A ƙasa an cire labulen tagar Toma, hasken ɗakin ya faɗo a kan simintin.

Wayar ta fara ƙara a hannunta. Ta duba, ta miƙo min da hannu biyu.

"Ita ce. Don Allah, Baba. Ka ce ya yarda."

Na mayar da hannuwana baya.

"Ba zan faɗa ba."